Lotsattsen Gwangwanina da Matar Ɗana

Malama mai wannan fili, don girman Allah ki duba takardata kafin ranar Asabar, domin na ƙulla wani abu a raina wanda in na aikata shi ba ya warwaruwa. Ki yi haƙuri da rubutun. Ban taɓa zama a aji ba, da gemuna na koyi haɗa baƙi wajen wani mai kula da sito, don in riƙa gane buhun gishiri da na sukari ba sai na ɗanɗana ba. Kwana biyu na yi a kan wannan takarda.

Ni kuku ne. Shekara talatin da ɗaya ina dafa wa ma'aikatan kamfanin gina hanya abinci, wani lokaci mutum tamanin, a cikin tanti, da tukunyar da mutum zai iya zama a ciki. Ba a taɓa mayar mini da kwano da saura ba. Da ƙarfi ya ƙare, uwar 'ya'yana kuma ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta, sai babban ɗana ya ɗauko ni ya ba ni ɗakin baya a gidansa. Da abu uku na shigo gidan: kaskona na ƙarfe, da tsohon karen da ke gadin tantinmu, wanda muke kira Kofur, da wani gwangwanin madara.

Kaskon shi aka fara yi wa ta'asa. Shekara ashirin ina shafa masa mai har ya yi baƙi sumul, ko ƙwai ka fasa a kai sai ya zame. Sati ɗaya da zuwana matar ɗana ta sa soson ƙarfe da sabulu ta dirje shi ƙal, ta kawo mini tana murna wai ta fitar da dauɗar shekara da shekaru. Kwana uku ya yi tsatsa. Na haɗiye. Aka ɗauke akurkin Kofur daga inuwa aka kai bayan tankin ruwa, wai yana tsorata baƙi, karen da haƙoransa ba su fi shida ba. Na haɗiye. Wanda nake kai wa ƙara ɗan nan nawa ne, shi kuwa kalma ɗaya ya sani, in yi haƙuri. Haƙurin da ya ba ni da a buhu yake da yanzu na buɗe shago.

Ita ma'aikaciyar ofis ce, sai yamma lis take dawowa, shi ya sa na karɓi girkin rana ba tare da an roƙe ni ba. Shinkafa da kaza a tukunya ɗaya, taliya da kifin gwangwani, miyar dankali da karas, abubuwan da ba sa cin lokaci. Jikoki kuma ina gasa musu biskit na tafiya makaranta: fulawa gwangwani uku, markaɗaɗɗiyar gyaɗa gwangwani ɗaya, sukari rabi, ƙwai biyu, bota cokali huɗu. Kofur ma yana da nasa, hanta dafaffiya da dankali da ƙwai da ɗan gari, babu gishiri, babu sukari, babu albasa. Da bakin gwangwanin nake yanke su duka biyun, saboda haka in ba hanci ka kai ba ba za ka bambanta ba.

Wata rana sai ta fara tsayawa a kaina da waya ina aiki, a ranakun da ba ta zuwa ofis. Ta ce tana ɗaukar bidiyo ne don jikoki su samu abin tunawa da ni. Har na ji daɗi, na ce ashe yarinyar da hankalinta. Wata takwas ana haka.

Ran nan na je kasuwa sayen hanta, sai ga wani tsohon abokin aikina, direban katafila, ya riƙe hannuna na dama yana juya shi yana dariya. Ya ce wannan tabon ƙunar da ke babban yatsana ko a lahira ya gan shi zai gane shi. Ya ciro waya ya nuna mini. Malama, hannuwana ne, gwangwanina ne, tirena ne, amma daga gwiwar hannu zuwa sama an yanke ni. Muryarta ce a kai tana cewa yau za ta koya wa mata girki mai sauƙi na iyali. Sunanta a sama, hotonta a gefe. Ya ce mutum dubu goma sha wani abu ke bin ta. Har na Kofur ta sa, wai abin marmarin kare irin nata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo. A wani ma na ji da kunnena tana cewa wannan girkin ko wanda bai taɓa zuwa makaranta ba zai iya shi. To wa take nufi a gidan nan, tankin ruwa?

Na dawo gida ban nuna mata na gani ba. Amma Allah ba ya barci, ya riga ya rama mini tun ban sani ba. Shi gwangwanin nan ƙaramin na madara ne, kuma tun a tanti buhun wake ya faɗo masa ya lotsa a gefe, bai cin ko abin da sabonsa ke ci. Da shi na daidaita komai nawa. Ita kuwa mai ilimi, duk inda na auna gwangwani sai ta rubuta kofi. Ƙwai biyu dai suna nan yadda suke, bota tana nan, gari ya kusa ninkawa. Tun a kasuwar direban ya karanta mini abin da mata ke rubutawa a ƙasan bidiyon. Wata ta ce nata ya fito kamar tsakuwa, wata ta ce mijinta ya nemi guduma. Ita kuma tana ba su amsa wai su duba wutar obansu, murhun gashin nan. Na yi dariya har na riƙe ciki.

Yanzu ga inda magana take. Wani babban kanti ya gayyace ta ranar Asabar ta yi biskit ɗin yara a gaban mata arba'in, a raba musu su ɗanɗana. Ita kuwa ba ta taɓa yin sa ita kaɗai ba. Ranar da na ji labari na ɗauke gwangwanin na cusa shi cikin tsohon takalmin aikina a ƙarƙashin gado, na ce bayana na ciwo, na daina shiga kicin. Sau uku ta gwada da kofinta. Ina kwance ina jin lokacin da take juye su a tire, ƙwal ƙwal kamar ana sauke duwatsu. Na biyun ma tun daga ƙamshi na san ta bar shi ya wuce da minti biyar, saura kaɗan in tashi in kashe wutar, na danne zuciyata. Jiya ta zo bakin ɗakina ta durƙusa, idonta ja, tana tambayar inda take kuskurewa. Na ce ni jahili ne, gara ta tambayi wayarta.

Ɗan nawa ya kawo shawarar in gasa mata ranar Juma'a, ta tafi da shi a matsayin na ɗanɗano, ko da na gaban mutane bai yi kyau ba. Na amsa da to. Amma na Kofur zan gasa, in barbaɗa masa sukari a sama. Zan bi su kantin in zauna a kujerar baya. Sai na ga kowace ta haɗiye, sannan in miƙe in ɗaga hannun nan mai tabo in gaya musu ko na wane ne a bidiyon, in kuma gaya musu abin da malamarsu ta ciyar da su. Ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi.

Abu biyu nake so ki gaya mini. Shin hukuma za ta iya kama ni, tun da dai hanta ce da dankali, babu abin cutarwa? Sannan a wurin zan tona, ko in bari sai sun koma gida labari ya iske su? Kada ki ce in yi haƙuri, na gaya miki ina da shi buhu-buhu.

Ni ne,
Tsohon Kuku mai ɗakin baya.

Baba,

Takardarka ta tsallake layi saboda Asabar ɗin, kuma na karanta ta ba tare da wahala ba, rubutunka ya fi na wasu masu takardar shaida fita. Ba zan ba ka haƙuri ba. An cuce ka. A ɗauki aikin mutum da sunan abin tunawa, a yanke masa fuska, a manna suna a kai, wannan ba ƙaramin laifi ba ne, kuma ɗanka ya gaza da ya mayar da kowace ƙara taka haƙuri. Kana da haƙƙin a faɗi sunanka, a kuma nemi gafararka.

Sai dai ba duka kayan da ka ɗora mata ne nata ba. Kaskon rashin sani ne, ai da murna ta kawo maka shi. Maganar makaranta kuwa, masu irin wannan bidiyo kullum suna faɗinta don ƙarfafa wa mata gwiwa, ba na jin da kai take. Kuma tun ranar da ka dawo daga kasuwa ba ka buɗe baki ka ce mata ka gani ba. Mai yiwuwa ta zaci dattijo kamarka ba zai so a nuna fuskarsa ba. Wannan bai wanke ta ba, amma kai ma ba ka ba ta ƙofar gyarawa ba.

Amsar tambayoyinka guda ce, kada ka yi. Ban san abin da hukuma za ta ce ba, ko da yake ciyar da mutane abin da aka ɓoye musu zai iya jawo maka tuhuma, kuma cikin mata arba'in ba a rasa wadda hanta ba ta karɓe ta ba. Abin da na sani shi ne waɗannan matan ba su yi maka komai ba. Jikokinka kuwa ranar Litinin za su shiga makaranta a matsayin 'ya'yan mai ba mutane abincin kare. Ɗakin baya zai yi maka zafi, kuma wanda za a fara fitarwa daga gidan Kofur ne, tsohon da ba shi da wani wurin zuwa. Ga kuma abin da ba ka hango ba: da zarar ka ɗaga hannun nan, kai ne kukun da ya gasa wa mutane abincin kare da gangan. Shekara talatin da ɗaya ba a mayar maka da kwano ba, kada ka rufe littafin da wannan. Ko yanzu, biskit mai kama da tsakuwa da ake yi a gidajen mutane, hannunka suka gani yana auna shi.

Ga abin da za ka yi, yau ba gobe ba. Ka ciro gwangwanin daga takalmi, ka wanke shi, ka kira ta tare da mijinta. Ka ce ka ga bidiyon, ka faɗi yadda ya yi maka ciwo, sannan ka gindaya sharuɗɗanka. Ta faɗa wa masu bin ta ko hannun wane ne, ta gyara awon da ta rubuta, akurkin Kofur ya koma inuwa, kuma daga yau ba a ɗaukar ka sai da izininka. Idan ta amince, ku cika gwangwanin ku ɗora a sikeli, a rubuta nauyin gari da na gyaɗa da na sukari, domin gwangwani ba ya dawwama, girkinka kuwa ya kamata ya kai ga jikokin jikoki. Idan ta ƙi, ka janye alkawarin Juma'a a fili, ka zauna a ɗakinka. Wannan haƙƙinka ne, kuma ya isa horo.

Ka hanzarta, Baba, domin da hannunka ka rubuta sirrin gwangwanin, ni kuma na buga shi. Gara ta ji daga bakinka da ta tsinta a jarida. Ina kuma kyautata zaton za ka iya, tun da mutumin da ƙamshin biskit mai ƙonewa ya kusa tayar da shi daga gado bai gama fushi da kicin ba.

Idan kun daidaita, ranar Asabar ka je kantin, amma ba kujerar baya ba. Ka tsaya kusa da ita a gaba da gwangwaninka a aljihu, ka bar ta ta ɗaga hannun mai tabo da kanta. Kaskon ma ka goge tsatsar ka soma shafa masa mai, zai dawo. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sanyaya zuciyarka, ya daidaita gidanku. A shafa mini kan Kofur.