Ina So In Ga Teku Ni Kaɗai

Zuwa ga Hajiya Zuwaira,

Assalamu alaikum. Don Allah Hajiya ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan yi maganar nan da shi a garinmu bai kalle ni kallon wadda ta taɓu ba. Sunayen da za ki gani duk na canza su.

Ni malamar firamare ce. Ina zaune a Illela, ina koyarwa a wani ƙauye ta wajen Darna Sabon Gari. Shekarata arba'in da bakwai. Mijina ya rasu tun autata Humaira tana goye. Ɗan kasuwa ne, yana kai albasa Ƙonni ta Nijar ya sayo aya. Zazzaɓi ya kwantar da shi ranar kasuwa, kafin wata kasuwar ta zagayo an yi masa sutura. Ya bar ni da yara huɗu. Ban sake aure ba, ba don ba a nema ba, ban dai ga lokacin ba. Da safe makaranta, da yamma in ɗauki atamfa da turare in bi gidaje. Haka na yi ta yi har suka girma, Allah kuma ya rufa asiri.

Watan jiya aka kai Humaira ɗakinta a Sakkwato. Ranar da za a tafi da ita ta rungume ni tana kuka, 'yan uwana mata suna kuka, har maƙwabta. Ni kuwa ina tsaye ina tunanin kulolin da aka aro, ko an mayar wa masu su. Na matsa idona ko hawaye zai zo, bai zo ba. Mutane suka ce kai, Malama akwai dauriya.

Ba dauriya ba ce, Hajiya, kuma ba ranar abin ya fara ba. Bara da matar babban ɗana Abdulaziz ta haihu, aka ɗora mini jaririn a cinya, nauyinsa kawai na ji. Abinci ko da gishiri ko babu, duk ɗaya ne a bakina. Ina salla a kan lokaci, ina zuwa aiki, ina amsa gaisuwa, in an yi dariya in taya. Ba baƙin ciki nake yi ba. Da ma baƙin cikin ne, da na san sunansa. Kamar dai ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ka taɓa ta ka ji kamar ta wani ce.

Ina da ƙawa, Asta, tana zuwa Kwatano saro atamfa da leshi. Bayan biki ta zo karɓar kularta, muna zaune ta nuna mini wani bidiyo da ta ɗauka a bakin teku. Ruwa ne ba iyaka, yana zuwa yana komawa. Can gefe ga wata mata zaune a kan yashi. Ba wanki take yi ba, ba ɗiban ruwa ta zo ba, zaune kawai take. Na ce Asta ta sake kunna mini. Wani abu ya ɗan motsa mini a ƙirji, kaɗan ne ƙwarai, amma na ji shi. Rabon da in so wani abu don kaina har na manta. Shi ne na ce in an ba da dogon hutu zan je in ga ruwan nan da idona, ni kaɗai.

Na ɗauki adashina, kuma ina da tumaki da na ba wani makiyayi kiwo a Tozai, na sa ya sayar da uku. Da na haɗa ya kai miliyan ɗaya da 'yan kai. Banda gidan da nake ciki, shi ke nan abin da na mallaka.

To inda zan je ne na kasa tsayarwa. Na yi ta dubawa a waya. Na ga Zanzibar, ruwanta kamar an zuba shuɗi, ga mata da hijabi suna yawo a bakin ruwa ba mai kallonsu. Amma an ce kuɗin jirgi kaɗai zai lashe abin da ke hannuna, kuma komai da dala. Na ga Ghana, an ce akwai Hausawa a zango, kuma Turancinsu zan ji, sai dai da nisa, kuɗinsu ma ban san kansa ba. Kwatano kuwa sefa suke kashewa, ita ko tun ina amarya nake lissafi da ita, amma Faransancina bai wuce na ciniki ba. Wata malama a makarantarmu ta ce me ya kai ni ƙasar waje, ga Legas. Legas akwai ɗan ƙanwata, ranar da na sauka zan tsinci kaina a kicin ɗin matarsa ina yanka alayyafo.

Kuma ban san yadda ake lissafin irin wannan tafiya ba. Duk tafiyar da na taɓa yi a rayuwata, ko biki ce, ko gaisuwar rasuwa, ko jinya. Ban taɓa kwana a otal ba. Ban ma san ko mace tana shiga gidan abinci ta zauna ita kaɗai a kawo mata ba.

Na gaya wa Abdulaziz a waya. Ya ce, "Inna, mi kike biɗa can? Mi muka rage ki da shi?" Shi ne ya kai maganar wurin yayana Lawwali, wanda shi ne babba a gidanmu yanzu. Yaya ya zo bayan sallar Juma'a, na shimfiɗa masa tabarma. Ya ce mace ba ta tafiya ba muharrami, ya ce me za a ce da mu a gari, ya nuna mini kwanon ɗakina da ke yoyo ga damina ta kankama. Ya ce in kuwa tafiyar ce dole, in ƙara haƙuri a tara a cika mini in je Umra.

Ban yi masa gardama ba, don bai faɗi ƙarya ba. Abin da na kasa gaya masa shi ne tsoro nake ji. Ina tsoron in tsaya gaban Ɗakin Allah in ji abin da na ji ranar auren Humaira, wato ba komai. Astagfirullah. In teku ce ta ƙi motsa ni, ruwa ne kawai. In can ne fa?

Daga baya Abdulaziz ya ce to zai ɗauki hutu ya raka ni mu zauna tare. Hajiya, na san kaina. Duk wanda ya bi ni, ni zan tashe shi asuba, ni zan tambaye shi ko ya ci abinci, ni zan wanke masa riga. In haka ne gara in zauna a gida.

Yanzu dai Yaya ya rage zuwa. Humaira kullum sai ta bugo waya tana tambayar jikina, alhali ban ce mata ba ni da lafiya ba. Wata gwaggonmu ta aiko mini da rubutu, wai ko iska ce. Na karɓa na sha. Ban ji haushi ba. Ko haushin ma da na ji, da na gode.

Hutu ya matso. In tafi ko in gyara kwano in manta? In tafiyar ce, ina zan je, kuma nawa zan ware? Ko kuwa dai son kai ne ya kama ni da girmana?

Malamar Aji Huɗu, Illela

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama.

Ba son kai ba ne. Wadda ta reni marayu huɗu da alli da tallar atamfa, in ta ce tana son mako guda ta zauna ta huta, ba ta roƙi abin da ya fi ƙarfinta ba.

Amma kafin tasha, asibiti. Ki je a duba jininki da sukari da hawan jini, sannan ki gaya wa likita abin da kika gaya mini, kada ki rage komai. Ciwon damuwa ba kullum yake zuwa da kuka ba, wani lokaci haka yake zuwa, shiru, ya ɗauke wa mutum ɗanɗanon komai. Doguwar gajiya da canjin da jikin mace ke yi a shekarunki su ma suna taimaka masa. Yana da magani, kuma ba raunin imani ba ne. In ko wata rana kika ji zaman duniyar ma ya ishe ki, a ranar za ki gaya wa wani, kada ki kwana da shi.

'Yan uwanki ba abokan gaba ba ne. Tambayar Abdulaziz ta ɗan da ya tsorata ce, yana ganin ko shi ya gaza. Yayanki kuma yana da gaskiya a kan kwano, kuma maganar muharrami ba abin wasa ba ce. Ni ba malamar addini ba ce, ba zan yanke miki hukunci ba. Ku je tare da shi wurin malamin da dukanku kuka yarda da shi, ku faɗi yadda abin yake. Sai dai ki lura, rakiya daban, zaman tare daban. Abdulaziz yana iya kai ki ya ga masaukinki ya juyo, ya koma ɗauko ki. Ko ki bi ayarin su Asta in malam ya ga hakan ya yi, su wuce kasuwa, ke ki wuce bakin ruwa. Hanya ce ake tsoro. Wunin kuma naki ne.

Zanzibar ki bar ta a waya tukuna. Tafiyar da za ta cinye duk abin da kika mallaka ba hutu ba ce, za ki dawo da sabuwar damuwa. Ghana ta dace da wanda ya riga ya saba. Ni Kwatano na zaɓa miki. Kin san kuɗinsu, ba mai cutar ki a canji. Akwai unguwar Zango da Hausawa da masallatai da abincin da kika sani. Ga kuma Asta da ta san gari, za ta nuna miki masauki mai mutunci wanda mata 'yan kasuwa ke sauka. Ki kama ɗakinki ke kaɗai, ko ƙarami ne, mai makulli. Hanyar cikin Nijar ba ta da tabbas a 'yan shekarun nan, ki tambayi masu zuwa wace suke bi a watan da za ki tashi, kuma ki yi tafiyar rana. Ki nemi fasfo da katin rigakafin cutar shawara tun yanzu, ki sa gidan sauro a jaka. A lokacin dogon hutu teku tana da ƙarfi, ki tsaya a kallo, kada ruwa ya wuce idon sawunki.

Batun kuɗi, ba zan ba ki farashi ba, don kafin jaridar nan ta iso Illela ya canza. Ki raba abin da ke hannunki biyu. Rabi ba zai bar gida ba: a ciki za a gyara kwano kafin ki tashi, sauran ya zauna don gobe. Da Yaya ya ga an hau rufin, rabin faɗan ya ƙare. A ɗaya rabin, ki fara cire kuɗin mota na zuwa da dawowa, har da na mai rakiya, ki ɗaure shi daban. Ki cire na ko-ta-kwana ki ɓoye inda ba jakar hannu ba. Abin da ya rage shi zai gaya miki kwana nawa za ki yi. In mako ne, madalla. In kwana huɗu ne, sun isa a ga teku. Kada ki ci bashi don ƙara kwana.

Abu biyu ke karya matafiyinmu. Na farko tsaraba, ki yanke mata ɗan abin da ba zai dame ki ba, in ya ƙare ya ƙare. Na biyu, za ki ga atamfa da araha, hannunki zai yi ƙaiƙayi. Kada ki saro ko turmi ɗaya na sayarwa, in ba haka ba kin je aiki ne. Gidan abinci kuwa, mace tana shiga ta zauna a kawo mata, ta biya ta tashi.

Kada ki ɗora wa teku nauyin da ba nata ba. Mai yiwuwa ki zauna a gabanta ki ji shiru kamar yadda kika saba. In haka ta faru ba ki yi asara ba, kin huta, kuma magani yana nan yana aikinsa. Umra ma tana nan, Allah ya kai ki da lafiyarki, Shi ya san zuciyar da ta gaji.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi wuya. Yayanki labarin yawo ya ji, bai ji labarin ƙanwarsa ba. Ki zaunar da shi ki gaya masa tun yaushe rabonki da jin daɗi ko zafi. Shekara da shekaru suna yaba dauriyarki, ba wanda ya san ba ki da lafiya, don ba ki taɓa faɗa ba. Ki faɗa.

Allah ya ba ki lafiya, ya kai ki ya dawo da ke cikin aminci, ya yi wa zuri'arki albarka.

Hajiya Zuwaira