Aikina da Sunanka a Kai

Whitechapel, London
Alhamis, 9 ga Yuni, 1994

Dung nawa, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan duwatsun garinmu, kai da nake gane takunka a matakala tun kafin ka ƙwanƙwasa ƙofa!

Da wane baki zan fara? Ina ƙaunarka kuma ka cuce ni, kuma duka biyun gaskiya ne.

Ka tuna Asabar ɗinmu? Shekara biyu cur muna zama a shagon shayin nan na Aldwych in mun fito laburare, jaridar kasuwa a shimfiɗe tsakaninmu, muna zaɓen hannun jarin da ba mu da ko sisin saya, don dai mu koyi sana'ar. Kai kana zaɓe cikin gaggawa kamar mai sayen rake ta tagar mota, ni kuwa ba na zaɓe sai na rubuta dalili. Kana tsokanata da malama, ina harararka, alhali zuciyata narkewa take. Wayyo, wannan dariyar taka! Don ita na yarda da sanyin garin nan.

Kana kusa da ni na yi wata biyar ina binciken kasuwar kuza. Ka san daga inda na samo shi. Babana ya yi shekara talatin a ramukan kuza na Bukuru har tari ya zaunar da shi. Ni ina aika tambayoyi, shi yana faɗa, ƙanena Haggai yana rubutawa. Na ba ka binciken ka duba mini kurakurai, ka ajiye shi mako guda, ka dawo da shi kana yabona.

Jiya zan kai kwat ɗinka wanki, na laluba aljihu, sai ga wasiƙar kamfanin Mayfair, irin masu juya dukiyar attajirai da ake kira hedge fund. Sun ba ka aiki, suna jiran amsa ranar Litinin. Kuma me ya burge su? Bincikenka na kuza, wai! Naka, Dung? Gumin babana da sunanka a kai? Sau uku na karanta a tsaye.

Abin da ya fi ƙona ni, mako biyu ke nan kana riƙe hannuna a Regent's Park kana neman shawarata, ba tare da ka faɗa mini kamfanin ba: ka karɓi aikin ne, ko ka ci gaba da karatu? Ni kuma sakarya ina ta auna maka wahalar aikin da amfaninsa, ina yi maka addu'a a coci. Yaya idonka ya iya kallon nawa? Da ka roƙa, ai da na zauna na koya maka shi layi-layi har ya zama naka da gaske. Me na taɓa hana ka?

To, ga abin da ba ka sani ba. Takardar neman aikin da na rubuta musu a watan Maris, wadda kai da kanka ka jefa mini a akwatin gidan waya kana cewa ba sa ɗaukar mata, ta sami amsa. Sun kira ni intabiyu ranar Talata. Ba ni da wani aikin da zan nuna musu sai wannan binciken. In na ajiye shi a teburinsu, dole ɗayanmu ya zama ɓarawo.

Ina roƙonka, hasken raina, ka riga ni. Ka je ranar Litinin ka faɗi sunana da bakinka. Wataƙila su janye aikin, na sani. In sun janye, za ka same ni a bakin ƙofarsu ina jiranka, mu koma teburinmu na shagon shayi mu fara daga farko, kuma ba zan taɓa yi maka gori ba. In ka yi shiru, ba zan kai ƙararka ba, ba zan kuma daina ƙaunarka ba, don na gwada tun jiya na kasa. Amma ranar Talata da ƙarfe goma zan shiga da takarduna, kuma in sun tambaye ni wa ya rubuta, zan faɗa musu.

Taka, wadda ba za ta so wani bayanka ba ko da ka zaɓi kujerar kamfanin,
Dinatu