Tifar Baba da nozul mai ɗiga

Litinin, 3 ga Maris

Na fita da tifar Baba, karo na farko tun rasuwarsa. Na kai yashi, na dawo. Inna ta tambaye ni yaya hanya, na ce lafiya. Mutane sai kallon fuskata suke, ko za su ga wani abu. Babu komai a ciki.

Alhamis, 6 ga Maris

A hawan bakin kwari motar numfashi take kamar tsohuwa, kowa sai ya wuce ni. Kawu ya ce, "Yayana Allah ya ji ƙansa, rowar mai ya yi wa motar nan. In ba za ta ja ba, sayarwa za mu yi, bakin ci ya yi yawa a gidan nan." Ya sa aka tsinke wayar da Baba ya ɗaure famfon mai da ita, aka ƙara mata dizal. Ina tsaye. Ban ce a yi ba, ban ce a bari ba.

Asabar, 15 ga Maris

Tana ja yanzu, har na wuce masu wuce ni. Baƙin hayaƙi a madubi. Agogon zafi na nan a tsakiya, to shi ke nan.

Talata, 18 ga Maris

Da safe tana ɗingishi kafin ta ɗau zafi, da wani ƙwas-ƙwas a ciki. Na ƙara muryar rediyo.

Laraba, 19 ga Maris

Injin ya buga a tsakiyar hawa, da cikakken lodi. Farin hayaƙi ko'ina. Na sa dutse a bayan taya na zauna a kan yashin har aka zo aka ja mu.

Lahadi, 23 ga Maris

Makanikin Baba ya buɗe injin. Fistin ɗaya ya huje, yatsana ya shige ramin. Ya ciro nozul ɗin da ke fesa wa fistin ɗin mai, ya ɗora a na'urar gwaji ya danna, maimakon feshi sai ɗiga yake kamar famfon bayi. Ya ce man da bai watsu ba wuri guda yake zuba, ya yi ta cin kan fistin, mu kuma muka ƙara masa. Na ce ai agogo bai tashi ba.

"Ɗana, agogon nan zafin ruwa yake gaya maka, ba wutar da ke ciki ba. Babanka ya san nozul ɗin ya gaji, shi ya sa ya rage mai yana lallaɓa ta kafin ya canza. Rai ne bai kai ba."

Kawu ya riga ya kawo mai saye, mutumin yana ta zagaya bodi yana ƙwanƙwasawa. Na ji bakina ya ce ba ta sayarwa ba ce. Kawu ya dube ni, ni ma na yi mamaki.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Ta tashi. Sabon fistin, sababbin nozul, mai daidai. Ƙararta ta canza, har na tsaya a ƙofar gida Inna ba ta leƙo ba, ta ɗauka motar wani ce.

Baba gajere ne. Duk kwanakin nan gwiwoyina a manne da sitiyari nake tuƙi. Yau na matsar da kujerar baya. Na daɗe a ciki ban fito ba, wai ina sauraron injin.