Shehin Goggo na Ailan

Laraba, unguwar Rusaifa, ƙasa mai tsarki

"Yalla ya binti, fassara mana, ke ce mai digiri," in ji Goggo Asabe. Ta miƙo min wayarta a gaban ƙawayenta shida.

Laifina ne. Makon jiya ta ji ina sauraron wani tsohon mawaƙin ƙauye na ƙasar Ailan da aka naɗi muryarsa tun kafin a haifi Baba. Ba ganga, ba garaya, murya ce zalla yana ja yana lanƙwasawa. A wurin Goggo kuwa duk abin da babu kiɗa bege ne. Ta sa na tura mata, ita kuma ta tura wa matan unguwa kaf. Hajiya Basakkwata har hawaye take yi.

Ni na san waƙar, a kanta na yi rubutu a jami'a. Budurwarsa ce ta auri mai shanu, shi kuma ya sayar da kwalekwalensa ya ƙarar da kuɗin a mashaya.

Na dubi Goggo, tana ta murmushin wadda ta gano waliyyi. In na faɗa, ta daina shiga mutane ke nan.

Na ce, "Cewa yake duk abin da ya mallaka ya tafi, kuma shi ya jawo wa kansa."

"Allahu Akbar! Tuba ke nan!"

Hajiya ta ce lallai a gayyato Shehin ya zo Umra. Na ce ya daɗe da rasuwa. Aka yi salati. Goggo ta ce gobe za ta yi masa ɗawafi, in ba ta sunansa da na mahaifinsa.

Na ce na bar shinkafa a wuta. Na ɗauki abayata, na ja musu ƙofa.