Sabis Sai a Gindin Mangwaro

Litinin, 4 ga Mayu, 2009

Torkuma ya zo. Tun da babur ya kayar da ni a hanyar Doma ƙafafuna suka mutu, shi kaɗai ne bai gaji da zuwa ba. Shekaru na yi ina buga masa takardu a kafensa na intanet da ke tsallaken titi. Yau ya kawo tsohuwar laftof da wani abu kamar filashi, da ɗan faifai. Wai adafta ce, in na soka ta a jikin kwamfuta za ta jawo intanet ɗin kafe ta iska, ya riƙa turo min aikin ɗalibai. "Oga Badaru, ƙafa ne ya tafi, yatsa yana nan." Na ce ya ajiye ya tafi.

Laraba, 6 ga Mayu

Ban taɓa ba. Matata Dijatu ta ɗora kwalaben magani a kai.

Asabar, 9 ga Mayu

Na sa faifan, don dai na gaji da kallon silin. Fitilar adaftar ta kawo, shuɗiya, tana ƙyaftawa. Ta gano sunan kafe, na sa lambar sirri. A cikin sanduna biyar masu nuna ƙarfin sabis, ɗaya tal ta fito. Shafi ya buɗe rabi ya tsaya. Ni da shi dai.

Alhamis, 14 ga Mayu

A taga sanda ɗaya. A bakin ƙofar ɗaki biyu, sai ta yanke. Na kira Torkuma, wai bango ne ya yi yawa, sai na fito ƙofar gida gindin mangwaro. Na kashe wayar.

Keken guragu yana bayan ƙofa, ko ledarsa ban bari an cire ba. Ni da na buga wa unguwar nan ƙwallo a lamba tara, in zauna a titi duk Bukan Sidi tana wucewa tana "Allah sarki"? Gara in ruɓe a nan.

Lahadi, 24 ga Mayu

Sakamakon hoton baya ya zo daga Jos. Ba canji, kuma ba a sa rai. Dijatu ta shiga kicin ta daɗe. Ba ta ɗora komai a wuta ba.

Juma'a, 29 ga Mayu

Dijatu ta ce, "Baban Ameer, ɗalibar nan Mimidoo ta sake zuwa. Litinin za ta miƙa aikinta a makaranta, kuma yana cikin imel ɗinka."

Ina ruwana. Haka na ce mata.

Asabar, 30 ga Mayu

Na fita bayan asuba, kafin mutane su tashi. Dijatu ta tura ni, taya tana kuka. Sanda huɗu! Aikin ya sauko kafin in gyara zama. Na ce in duba shafi ɗaya, ban ankara ba rana ta fito. Aloysius mai faci ya buɗe rumfarsa, ya kalle ni. Sai ya ce, "Kai Badaru, duba min wannan kwamfuta, nawa-nawa aka tashi a ƙwallon jiya?" Bai ce sannu ba. Da na koma ɗaki na yi kuka, ban san na mene ne ba.

Talata, 9 ga Yuni

Kullum sai na fita. Dole ce, ba so ba. Wasu suna "Allah sarki" ɗin, yana da ciwo kamar yadda na zata. Aloysius kuwa ya mai da ni rediyonsa.

Laraba, 17 ga Yuni

Ina kwance na kunna, sai ga sanda huɗu a kan gado. Torkuma ya tafi Makurɗi biki, yarinyar kafe ta yi shara ta mayar da akwatin intanet ɗin bakin taga, inda yake tun ina aiki. Ashe shi ya ɗauke shi ya kai ɗakin baya, ranar da ya kawo min adafta. Na kira shi, ko kunya bai ji ba. "Idan sabis ya same ka a gado, wane rana za ka fito?" Dijatu ma ta sani.

Sun ja ni da dusa kamar akuya. Na ce kada wanda ya sake taɓa akwatin nan, kuma a mayar da keken bayan ƙofa.

Asabar, 20 ga Yuni

Aiki a gado. Ba yankewa. Silin ɗin nan dai.

Litinin, 22 ga Yuni

Ƙafafu suna nan yadda suke. Ban yafe wa Torkuma ba.

Da safe na ce wa Dijatu sabis ɗin ɗaki yana yankewa. Ta leƙa kwamfutar, sanda huɗu reras. Ta jawo keken.