Tulun da Ban Karɓa Ba

Zuwa ga Kulu,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba za ta iso ki ba, amma abin da ke cikina na kasa faɗa wa mai rai.

Ɗiyarmu Balki ta fara tafiya, tana wurin Inna a Maradun. Fadamarmu tana can ƙarƙashin ruwan dam, ko kan giginyar ba a hangowa. Amai da gudawan ya lafa a unguwar da aka maido mu, bayan ya rufe gidan Malam Isa ruf. Amma a gidajen manyan ma'aikata da nake gadi a Mafara, wallahi ko ciwon ciki ba wanda ya yi. Ruwan famfo suke sha, da shi suke wanke mota. Cutar ma ta san gidan da take shiga.

Kulu, na gan ki ranar. Tun daga nesa na gane tafiyarki cikin matan da suka zo roƙon ruwa, ke da a garinmu ba ki taɓa fita da tulu ba. An hana mu barin kowa ya shiga, gaskiya ne. Amma wa zai hana ni miƙa hannu in cika tulu ɗaya? Kunya ce kawai. Wai kada a ce na ware matata a gaban jama'a. Na kau da kai kamar ban san ki ba, na ja ƙofa. Ke kuma kika sunkuyar da kai don ki rufa mini asiri, kika gangara magudanar ban ruwa da sauran mata.

Kwana biyu kina kwance, ba ki tayar da maganar ba. Me ya sa? Da ma zagina kika yi.

Yanzu kowace safiya sai na gan ki a layin, da baƙin zanen nan naki. In na matso, sai in ga wata ce. Ina jin tsoro, Kulu, kuma ba na so ki daina zuwa.

Mutane na ce mini in yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Na yarda. Amma ban bar aikin ba, da shi Balki take ci. Gobe ma matan za su zo, kuma ni zan rufe.

Allah Ya ji ƙanki. Ki yafe mini in kina iya.

Mijinki,
Buba mai gadi