Ranar da Hollis Ya Dawo da Jirgi a Bushe

Coden, Alabama

Zuwa ga yayata Odessa,

Gaisuwa mai tarin yawa daga bakin teku zuwa can kan duwatsunku na Colorado, tare da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Wendell da yara baki ɗaya. Ubangiji ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan, ya sa ki daina hawa bene kamar 'yar shekara ashirin, don na san halinki. Mu a nan sai godiya. 'Yarmu Renee ta kusa sauka, ƙafafunta sun kumbura amma bakinta na nan lafiya lau. Na je na share kabarin Mama na sa mata furanni da sunanmu mu biyu. Ɓauren bayan gida ya yi 'ya'ya har tsuntsaye sun gaji, zan dafa miki kwalba biyu in aiko.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki biro maimakon waya shi ne, in na soma wannan labari da baki dariya da kuka za su hana ni ƙarasawa. Kin tuna bara da na kira ki daga asibiti. Mutanen tarayya a Washington sun ce kwana uku kacal za a bar mu mu kama jan kifin nan da ake kira sinafa a ruwa mai nisa, inda manyan suke, kuma ko da hadari ko babu ranakun ke nan. Maigidana Hollis da ƙanensa Purvis suka ga iska da idonsu suka shiga, wai in suka bari sai baɗi. Taguwar ruwa ta cika jirgin, Purvis ya karya haƙarƙari, kuma da Allah bai kawo jirgin jatan landen Malam Trinh maƙwabcinmu ba, da yanzu takaba na gama. A gaban likita na rantse wa Hollis cewa duk ranar da ya sake sa jirgi a ruwa cikin iska irin wannan, zai dawo ya tarar na tafi wurinki, in ma ya dawo. Ke kuma kika ce in zo. Ba barazana na yi ba, Yaya. Ina son mutumin nan, amma na gaji da tsayuwa a taga ina jiran a zo a gaya mini.

To kin san ba na zama in naɗe hannu. Duk taron da aka kira a birnin Mobile kan maganar kifin nan sai da na je, ni da matan cocinmu, har masu gadin ƙofa suka san jakata. Wani saurayi mai kirki daga ofishin tarayya ya yi ta nuna mana zane a bango, yana cewa ba don an matse ba da kifin ya ƙare. Ban ƙaryata shi ba, don na tuna lokacin da Baba zai wuni a ruwa ya dawo da 'yan ƙanana kamar tafin hannu. Amma da aka ba ni dama na miƙe na gaya masa cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ce su ƙayyade yawan kifin yadda suka ga dama, ba mu ƙi ba, amma su bar wa jiharmu zaɓen ranaku, domin wanda bai taɓa amai a gefen jirgi ba bai kamata ya zaɓa wa mijina ranar shiga teku ba. Ɗakin ya ɗauki tafi. Ɗan kawunmu Alton, da yake shi sayar da kifi ne sana'arsa, har yau yana cewa jiha za ta sakar wa masu kamun kifi don shaƙatawa su cinye teku, kuma bai zo cin abincin Ista gidana ba saboda haka. Zai huce. Ba zan ce maganata ce ta juya Washington ba, mutane da yawa sun yi ta bugawa, amma dai bana an ba jiha ta gwada. Jiha kuma ta ce kowane ƙarshen mako a buɗe yake, har sai rabonmu ya cika.

Na ɗauka shi ke nan an gama. Ashe hali zanen dutse ne. Shekarun matsin nan sun mai da ranar buɗewa wani abin nuna mazantaka, duk wanda bai fita ranar ba sai an yi wata ana yi masa tsiya a shagon aski. Ranar ta zo, gari ya waye da iskar kudu maso gabas, irin ta bara sak, tutar gidan waya tana kaɗawa kamar za ta yage. Na leƙa na ga Hollis yana ɗaura tirelar jirgi a bayan a-kori-kurarsa. Sai ga Purvis da kula cike da abincin da ake sa wa ƙugiya da ƙanƙara, shi da ko tari ya yi sai ya dafe gefe, yana ta danna hon yana kiran yayansa mijin-ta-ce, wai ko sai an nemo masa takardar izini daga kicin.  Ban dafa kofi ba, ban haɗa musu burodi ba, abin da ban taɓa fasawa ba tun aurenmu. Hollis ya tsaya a ƙofa ya dube ni, na dube shi, ya gyara hularsa ya fita. 

Na sauko da akwati daga kan kabad na buɗe shi a kan gado, sai na kasa sa ko ɗankwali. Na ce in dai tafiya zan yi, sai na gani da idona, kada wata rana a ce zato na yi. Na figi motata da rigar gida da silifas na bi su har gangaren da ake saukar da jirage, na laɓe bayan shagon ƙanƙara. Layin motoci har titi, teku kuwa ta yi fari fat da kumfa. Maza sun yi cirko-cirko, kowa ya sa hannu a aljihu yana satar kallon ruwa yana satar kallon ɗan'uwansa. Na san su duka, na san matansu. Babu wanda yake so ya shiga, kuma babu wanda yake so a ce shi ya fara juyawa. Wasu samari biyu sun riga sun shiga, ana hango jirginsu yana hawa yana faɗuwa a bakin mashiga.

Layi ya zo kan Hollis. Ya yi baya da tirela a hankali har tayoyin suka taɓa ruwa, ni kuma na riƙe sitiyari ina karanta duk addu'ar da Mama ta koya mana. Ya fito ya tsaya a gefen ruwa ya daɗe yana kallo, iska na neman ɗauke masa hula. Sai kawai na ga ya koma mota ya ja gaba, jirgi a bushe ko ɗigo bai taɓa ba. Purvis ya leƙo ta taga yana kumfar baki, na baya suka soma hon da shewa, wani ya ce tsufa ya zo wa Hollis, wani ya ce a'a, matarsa Verna ce ta zo masa. Hollis ya sauke gilashi, bai ko ɗaga murya ba, ya ce, "Kifin nan ba Washington zai koma ba. Asabar mai zuwa ma tamu ce."  Can sai tsoho Lamar, wanda ya fi kowa shewa, ya fice daga layi ya bi bayansa, yana cewa dama injinsa na ɗan tari. Sai na bayansa, sai na bayan wancan. Kafin in share hawaye gangaren ya zama wayam, har samarin nan biyu sun juyo. Aka ce mini sauran duk a gidan abincin bakin gada suka ƙare, suna cin ƙwai da fate suna auna wa juna da hannu girman kifin da za su kama da sun fita.

Na riga shi isa gida da ƙyar, na mai da akwatin, na ɗora kofi kamar ba abin da ya faru. Da Asabar ta zagayo teku ta kwanta luf kamar an shimfiɗa zane. Na ce da ni za a je. Muka tafi wurinmu na can, inda Hollis ya nutsar da tsofaffin kejin kaji shekarun baya don kifi su taru, kuma kafin rana ta yi zafi kowa ya cika kifi biyun da doka ta yarda masa. Nawa sun fi nasu girma, Purvis ya ce sa'ar baƙo ce, na ce masa ya riƙe haƙarƙarinsa kada baƙin ciki ya sake karya shi. Muka gasa su da ɓawonsu a kan gawayi, da man shanu da lemun tsami, yadda Baba yake yi. Har Malam Trinh na kai wa rabi, don shi ya fi kowa cancanta.

Bayan an watse muna wanke jirgi mu biyu, Hollis ya ce ya ga motata ranar nan a bayan shagon ƙanƙara, wai ko makaho ya san hayaƙinta. Na ce to tunda ya gani, ya gaya mini gaskiya, iska ce ta juyo da shi ko ni. Na shirya in ji ya ce iska, in bar masa girmansa. Sai ya ajiye tiyo, ya ce, "Verna, bara ma na ji tsoro, da bara waccan ma. Wata Asabar ɗin ce ba ni da ita a lokacin." Yaya, shekara nawa ina ɗaukar mutumin nan mai taurin kai ne da bai damu da ni ba, ashe da tsoronsa yake shiga ruwa kamar yadda nake tsayawa a taga da nawa. Na rungume shi a nan tsakar gida, jikinsa duk ƙarnin kifi, ban damu da ko maƙwabta na kallo ba.

Ki gaishe mini da Wendell, ki ce masa Hollis na jiransa kafin rani ya wuce, kuma bana ba sai ya duba kalanda ba. Ki gaishe da Corinne da mijinta, da Dell, da 'yar jikata ta wajenki Josie. Renee da Purvis da Malam Trinh duk suna gaishe ki. Ubangiji ya tsare ku, ya sada mu da alheri.

Taki ƙanwa mai ƙaunarki,
Verna